Shekara shida ina shirya taruka, amma na tsaya wuri ɗaya

"Assalamu alaikum. Shekarata shida a wani kamfanin shirya taruka a Abuja. Daga teburin rajista na fara, yanzu ni ke riƙe taro tun daga farko har a kwashe kujeru: bitar ƙungiyoyi, ƙaddamar da littafi, wani lokacin liyafar biki. Hajiyar da ke da kamfanin ta yarda da ni, amma shekara uku ke nan matsayina bai motsa ba, albashi ma haka. Wasu sun ce in yi digiri na biyu, wasu sun ce in nemi satifiket na waje, wasu kuma sun ce in buɗe nawa. Me ya kamata in koya, kuma ina zan dosa?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abin da na ji kina faɗa shi ne aiki ya zauna a hannunki, kowa ya shaida, amma ƙofar sama ta ƙi buɗuwa, masu ba ki shawara kuma kowa takarda yake nuna miki. Na daɗe a wannan tsakiyar kafin in fita, don haka abin da na gani zan gaya miki.

Mai irin matsayinki, ƙwarewarsa ce ke ɗaure shi. An ɗauko ki daga teburin rajista ne saboda idonki da ƙafarki. Ke kike lura makirufo ya mutu kafin mai jawabi ya lura, ke kike nemo ƙarin kujera hamsin cikin minti goma. Hajiya ta samu irinki, me zai sa ta fitar da ke daga zauren taro? In ta fitar da ke, wa zai yi gudun? Ba mugunta ba ce, lissafi ne. Shi kuwa matsayin da ke saman naki ba na gudu ba ne. Mai shi yana kawo taro, yana tabbatar da taron ya bar riba, kuma yana da yaran da za su gudanar da shi ko ba ya wurin.

Ni ban gane haka ba sai da zazzaɓi ya kwantar da ni ana gobe wani taron kwana biyu na mutum ɗari uku. Ina kwance ana yi mini ƙarin ruwa, waya ba ta huta ba har azahar. Wa ke da lambar mai janareta? Ina aka ajiye katunan suna? Mai abinci ta ce ba a cika mata kuɗinta ba, haka ne? Wallahi har daɗi na ji a lokacin, wai ba a iya komai sai da ni. Da na miƙe maigidana na wancan lokacin ya kira ni ofis, na shiga ina jiran yabo. Sai ya ce duk taron a cikin kaina yake, ranar da kaina ya yi ciwo kamfaninsa ya yi ciwo, to ta yaya zai danƙa mini taro uku a mako guda? Na fito raina a ɓace. Amma gaskiya ya faɗa.

Kuɗin taro

Taron ƙarshe da kika gudanar, nawa aka caji mai taro, nawa aka kashe, nawa ya rage wa kamfani? In ba za ki iya amsawa ba, to ga giɓin nan. Yawancin masu matsayinki miƙo musu kasafi ake yi a ce su kashe, ba sa zama a inda ake yanke farashi. Wanda bai san yadda aka gina farashi ba kuwa, ma'aikacin taro ne, bai zama manajansa ba tukuna.

Ki zauna da Excel ki gina kasafin wani tsohon taro da hannunki, layi bayan layi. Ki raba shi gida biyu. Akwai kuɗin da ba ruwansa da yawan jama'a, kamar hayar zaure, janareta da mansa, lasifika, majigi da kwalliya. Akwai kuma wanda ake lissafawa a kan kowane kai: abinci, ruwa, jaka da takardu, kuɗin motar mahalarta. Amfanin rabawar zai fito ranar da mai taro ya bugo ana jibi taro ya ce a ƙara mutum tamanin. Ba za ki ce bari ki tambayi Hajiya ba, za ki faɗa masa ƙarin kuɗin nan take. Kuma za ki san inda ƙarin ke karya lissafi gaba ɗaya, domin zauren da ke ɗaukar mutum 500 a jeren kujeru, in aka sa tebura masu zagaye da kyar ya wuce 300. Wani lokacin mutum tamanin ɗin nan ba faranti tamanin ba ne, sabon zaure ne.

Sai batun lokaci. A watan Afrilun 2023 na ba wata ƙungiya farashin taron da za a yi a Yuli. Ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya ƙare, farashin fetur ya ninka kusan sau uku, a Yuni kuma aka saki naira ta nemo wa kanta daraja. Mai kawo kujeru ya ƙara, mai abinci ta ƙara, mai buga takardu ya ƙara. Ƙungiyar ta ce ita abin da aka sa wa hannu ta sani, kuma tana da gaskiya. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Muka yi taron, aka tafa mana, muka koma gida da asara. Tun daga nan takardar farashina tana ɗauke da layi guda: wannan farashi na kwana 14 ne. Ba na fara aiki sai an ba da kafin alƙalami, yawanci kashi 70 cikin ɗari, kuma a makon da kuɗin ya shigo nake ba manyan masu kawo kaya nasu don in ɗaure farashinsu. Sannan ina ware kashi 10 na ko-ta-kwana, ba na taɓa shi don kwalliya.

Ki san haraji gwargwadon abin da ya shafe ki. VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya da ayyuka, kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020, kuma dole takardarki ta nuna ko yana cikin farashin ko a kansa za a ɗora. Na ga abota ta mutu a kan wannan layin. Hukumomi da manyan ƙungiyoyi kuma sukan cire wani haraji tun daga tushe kafin su biya, sai ki bi ki karɓo shaidar cirewar. Sannan ba sa biya da wuri. Wasu ba za su saki ciko ba sai kin kai rasit na komai da takardar da mahalarta suka sa hannu kowace rana. Kamfani yakan mutu da riba a takarda saboda babu kuɗi a hannu ranar da mai abinci ke jira. Manajan da ya iya tsara yaushe kuɗi zai shigo da yaushe zai fita, mai kamfani ba ya wasa da shi.

Duk yarjejeniya ta shiga rubutu. Yaushe za a rufe adadin masu cin abinci? Ni kwana uku kafin taro nake rufewa. In an ɗage taro saboda rasuwa, ko babban baƙo ya sauya rana, wa zai ɗauki kuɗin zauren da aka riga aka biya? Ƙarfe nawa za a bar zauren, kuma nawa ne kowace awa bayan haka? In kun yi magana ta waya, ki bi da saƙon WhatsApp mai cewa ga abin da muka tsayar. Mai taro ba lallai maƙaryaci ba ne, mantuwa gare shi, musamman ranar biya.

Abu guda zan faɗa ba kwana-kwana. Da zarar kin fara zaɓen masu kawo kaya, wasu za su kira ki gefe su ce akwai naki. In kamfani na da tsarin la'ada da kowa ya sani, wannan daban. Amma kamashon bayan fage, ranar da kika karɓa kin rasa bakin da za ki ce wa mutumin shinkafarsa ba ta dahu ba. Kuma Abuja ƙaramin gari ne ga masu sana'armu. Masu kanofi, masu hoto da masu girki duk sun san juna, kuma suna hira.

Fitar da taro daga kanki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya fitar da ni daga gudu takarda ce guda, jadawalin aiki. Ba jadawalin da ake raba wa baƙi ba. Wannan namu ne na bayan fage, kuma yana farawa tun daga isowar motar kaya da asuba. Kowane layi yana da lokaci, abin da zai faru, sunan mutum ɗaya da lambar wayarsa. Mutum ɗaya na ce. In kika rubuta "yaran rajista", ba kowa ke nan. Ana gobe taro ki tara kowa a cikin zauren, ku bi takardar a tsaye, kowa ya taka inda zai tsaya.

Daga nan ki ɗauki ɗaya daga cikin na ƙasa da ke ki ba shi ƙaramin taro ɗungurungum, na mutum arba'in misali, har da kasafinsa. Zai yi kuskure. Hannunki zai yi ta ƙaiƙayi ki karɓe. Kada ki karɓe sai in kuskuren zai kunyata mai taro. Cikin kwana biyu bayan kowane taro ku zauna rabin awa: me ya tafi daidai, me ya lalace, me za a sauya, a rubuta a shafi ɗaya. Gwajin da nake yi wa manajojina yanzu shi ne, ranar taro za ki iya fita ki yi sallah a natse, ki ci abinci a zaune, ki dawo ba wanda ya neme ki?

Akwai kuma iya ce wa mai taro a'a ba tare da kin ce a'a ba. Zai kawo miki masu jawabin fatan alheri goma sha biyu ya ce awa ɗaya ta isa. Kada ki yi musu. Ki ɗauki biro ki ce, ranka ya daɗe, kowannensu in ya yi minti bakwai, da hawa da sauka da gaisuwa, mun kusa awa biyu, azahar za ta same mu babban baƙo bai yi magana ba. Wanne za mu rage? Lissafi ya fi gardama shiga kunnen babba.

Kada kuma ki raina abin da kika tashi da shi. Kamfanoni da yawa kan kawo taro Kaduna ko Kano daga Legas su yi tuntuɓe a kan abin da ke a wurinki ba ya buƙatar tunani. Kin san Mai Alfarma na Sarkin Musulmi ne, Mai Martaba na sarki, Mai Girma na gwamna, Mai Shari'a na alƙali, kuma mai gabatarwa da ya cakuɗa su ya ɓata taro tun kafin a fara. Kin san sarki ba ya zuwa shi kaɗai, akwai hakimai, dogarai da fadawa, kuma dole a san inda kowa zai zauna. Na taɓa jera babban tebur daidai da sunayen da aka ba ni, sai wani basarake ya aiko wakili, wani jami'in gwamnati ya ce shi ba zai zauna ƙasa da wakili ba. Minti ashirin muka yi muna raɗa a bayan labule, jama'a na jira. Yanzu ana gobe nake zama da jami'an tsare-tsaren kowane babban baƙo, mu yanke har da abin da za a yi in wakili ne ya zo. Haka batun sallah: hutun rana ya faɗo a kan azahar, a tanadi ruwa da butoci da shimfiɗa, mata da nasu wurin, ranar Juma'a a tashi da wuri, a watan azumi kuma kasafin abinci da jadawali duk su sauya. Wannan ilimi ne da ake biya, in kin iya gabatar da shi a matsayin ilimi.

Rayukan mutane

A Disambar 2024, cikin mako guda, yara 35 suka mutu a turmutsitsin wani taron yara a Ibadan, mutum 10 a wurin rabon kayan abinci a Maitama nan Abuja, wasu 22 a Okija ta jihar Anambra. A Ibadan har kama masu shirya taron aka yi. Kafin nan, a Maris ɗin 2014, an rasa rayuka a filin wasa na Abuja wurin jarrabawar ɗaukar ma'aikatan shige da fice. Duk a bakin shiga ko wurin rabo abin ke faruwa, inda jama'a suka fi ƙarfin ƙofa. Da zarar mutum biyar zuwa shida sun matsu a murabba'in mita ɗaya, ba wanda ke iko da jikinsa kuma.

Manajan da za a ba babban taro dole ya iya wannan. Ki taka zauren da ƙafarki ki ƙirga ƙofofin fita, ki tura kowacce da hannu, don sau da yawa za ki tarar da kwaɗo a jiki ko an jingina kujeru. Hanyar shiga daban, ta fita daban. In akwai rabon wani abu kyauta, ko jaka ce ko abinci, a kai wa mutane inda suke zaune ko a buɗe wurare da yawa, kada a tara su a tebur ɗaya. A sanar da 'yan sanda a rubuce in taron jama'a ne, a san asibiti mafi kusa, a sami mai taimakon gaggawa a wurin. Kwas ɗin taimakon gaggawa na ƙungiyar Red Cross kwanaki kaɗan ne, kuma ya fi wasu satifiket masu tsada amfani.

Fannin na'ura ba sai kin zama injiniya ba. Tun korona ta 2020 masu taro suka saba da cewa wasu za su shigo ta Zoom, don haka ki san abin da za ki tambaya: layin intanet biyu daga kamfanoni daban-daban, sauti ya fito kai tsaye daga na'urar haɗa sauti, kuma a sa UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, a kan allo da kwamfuta don kada komai ya mutu a daƙiƙun da ake juyawa daga wutar NEPA zuwa janareta.

Batun takarda

Yanzu ga abin da kika fi tambaya. Satifiket ɗin da aka fi sani a duniya a fanninmu shi ne CMP, na ƙungiyar Events Industry Council da ke Amurka. Ana neman shekara uku na aiki da awa 25 na karatu kafin jarrabawa, ana sabunta shi duk shekara biyar, kuma da dala ake biya. Yana da daraja in manyan tarukan ƙasa da ƙasa ko manyan otal kike hange. Akwai PMP na tafiyar da ayyuka, wanda mai digiri ke buƙatar shekara uku na jagorantar aiki da awa 35 na horo. A ganina a Abuja wannan ya fi buɗe ƙofa, domin ƙungiyoyin agaji, bankuna da kamfanonin sadarwa sun san shi, kuma in wata rana kika gaji da taro zai bi ki zuwa wani fannin. A gida akwai NIHOTOUR, cibiyar horar da ma'aikatan baƙunci da yawon buɗe ido, mai reshe har a Bagauda ta jihar Kano, da kuma ƙungiyar masu sana'ar, APPOEMN, wadda amfaninta ya fi yawa wajen sanin mutane.

Digiri na biyu kuwa, sai in aikin gwamnati ko koyarwa kike so. Ban taɓa ganin mai taro ya tambayi digirin wanda zai riƙe masa bikin 'yarsa ba. Abin da yake tambaya shi ne wanne kika yi, wa zan kira ya shaide ki. Don haka kafin ki kashe kuɗi a kan kowace takarda, ki tara taruka biyar mafi kyau da kika yi, kowanne shafi ɗaya: mutum nawa, kasafi nawa in an yarda ki faɗa, wace matsala ta taso, yaya kika warware ta, da hotuna biyu.

Ina za ki dosa

Ki zaɓi fanni. Wanda ke yin bita yau, biki gobe, baje koli jibi, ana kiransa ne don yana kusa, ba don ba kamarsa ba. Taron hukumomi da ƙungiyoyi yana son rubutu, rahoto da haƙurin jiran biya. Biki yana kawo kuɗi a hannu, amma yana cin dare da ƙarshen mako, kuma ba mai taro ɗaya gare ki ba: uwar amarya, gwaggonninta da ƙawayen amarya kowa da umarninsa. Baje koli, irin na ƙasa da ƙasa da ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta KADCCIMA ke shiryawa a Kaduna, a nan ake koyon sayar da rumfuna da nemo masu ɗaukar nauyi, wanda shi ne ilimin da ya fi ƙaranci a cikinmu. Ni aikina ya fi yawa a tarukan hukumomi da ɗan abin da ba a rasa ba na biki. Babban wasan mawaƙa a fili da gangamin siyasa sana'o'i ne masu nasu ƙa'idoji, in can zuciyarki take ki nemi waɗanda suka tsufa a ciki. Kuma ke kika san gidanki. In dawowa ƙarfe ɗaya na dare ya fara zama rigima, zama jami'ar taruka a cikin wata ƙungiya ko banki ba ci baya ba ne, lokaci ya fi tsari, albashi ya fi tabbas.

Buɗe naki ba shi da wuyar farawa, rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da lambar haraji ba su da wahala. Wuyar ita ce wata huɗu ba taro, haya na jira. Kada ki fita sai kina da kuɗin riƙe kanki na wata shida da aƙalla mutum biyu ko uku da ke kiranki don ke, ba don kamfanin Hajiya ba. In za ki fita kuma, ki fita ta ƙofa. Kada ki kwashi masu tarukanta, domin taron da ya yi mata ƙanƙanta wata rana ke za ta turo wa.

Amma kafin duk wannan, ki nemi zama da Hajiya a ranar da ba taro. Kada ki fara da albashi. Ki je da lissafin taruka uku na baya da kika gina da kanki, ki nuna mata inda kuɗi ya zube da yadda za a toshe. Sannan ki roƙi abu biyu: ta bar miki mai taro guda ɗaya gaba ɗaya, tun daga zaman farko da yanke farashi har karɓo ciko, kuma ta ba ki yaro ko yarinya ɗaya da za ki horar ya gaje ki a zaure. Ku sa wata shida, ku rubuta abin da zai biyo baya in ribar ta fito. In ta amince, kin samu makarantar da ake biyan ki kina karatu. In ta yi ta ce miki sai an ga hali har wata shidan ya wuce, ki fara aika shafukan nan biyar zuwa wasu wuraren.